Allon silalom a Kano: a shigo da shi dungurungum, a gyara na hannu, ko a kai wa kafinta?

Duk wanda ya ƙudiri haɗa sketbod, wato allon nan mai tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai, na silalom a Kano, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko dai ya yi odar allon dungurungum daga waje, ko ya ɗauki irin sketbod ɗin tsalle-tsallen nan da ake gani a shagunan kayan wasanni ya sake masa fasali, ko kuma ya sayo ƙafafu, wato ƙarafan da ke riƙe tayoyi a ƙarƙashin allo, da tayoyin daga waje ya kai wa kafinta aikin katakon. Ni ta ukun nake goyon baya ga yawancin mutane, amma kowacce tana da mai ita.

Shi silalom tsere ne a tsakanin 'yan robobi masu tsini da aka jera a layi. Mutum na kan allo, yana ratsa su dama da hagu, ba ya sa ƙafa a ƙasa bayan ya shiga layin. Da ƙugu da gwiwa yake tuƙa allon, kowace lanƙwasa tana ƙara masa gudu. Wasan ya bunƙasa ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, bayan Frank Nasworthy ya fito da tayoyin roba na yuritan masu suna Cadillac, waɗanda suka kama ƙasa yadda tsofaffin tayoyin ƙarfe da na yumɓu ba su taɓa yi ba. A yau ISSA, ƙungiyar masu tseren silalom ta duniya, ce ke tsara dokokinsa, kuma a yawancin gasa duk robar da ka ture ana ƙara maka kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa a lokacinka. Iri uku aka fi sani: matsattse, wanda tazarar robobinsa ba ta cika wuce mita 2 ba, gauraye, wanda ake cakuɗa matsattsu da masu faɗi, sai babba, wanda ake yi a gangare mai tsawo da gudu mai yawa.

Wannan iri na ukun, wato babban, a cire shi daga lissafi tun yanzu. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. Dala da Goron Dutse ba wuraren taya ba ne, gangaren kwalta mai santsi kuwa sai a gadojin sama da na ƙasa, su kuma na motoci ne da 'yan adaidaita sahu, ba wurin da mai hankali zai jera robobi ba. Abin da ya rage mana shi ne fili miƙaƙƙe: harabar makaranta ranar da ba karatu, wurin ajiye motoci da sassafe, filin kwando, ko wani titin cikin unguwa da ba ya ɓullewa, duk da izinin masu wurin. A irin wannan fili babu gangaren da zai ba ka gudu kyauta, kai ne injin. Saboda haka allon da ya dace da mu shi ne gajere mai saurin juyawa, wanda ke amsa motsin ƙugu nan take. Wannan magana ɗaya ita ce ke yanke kusan duk sauran shawarwarin.

Mu fara da hanya mafi araha, wato gyaran allon tsalle-tsalle. Tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya a irin wannan allo wajen inci 14 ce, tayoyinsa ƙanana ne, milimita 52 zuwa 54, masu tauri wajen 99a a ma'aunin taurin roba, inda lamba mai yawa ke nufin tauri mai yawa. An yi su ne don su zame, silalom kuwa kama ƙasa yake so. Ƙafafun biyu kuma iri ɗaya ne, baya na juyawa daidai da gaba, shi ya sa idan ka matsa masa a lanƙwasa sai bayan ya kufce. Ana iya rage matsalar: a sake huda ramukan ƙafar gaba can kusa da hancin allon don tazarar ta ƙaru, a sa weji, wato ɗan roba mai tudu a gefe guda, tsakanin katako da ƙafa, a sauya tayoyi. Idan allon na kamfanin ƙwarai ne, wannan gyara zai kai ka watanni kana koyo, kuma ga yaro ɗan shekara goma sha wani abu da bai tabbatar zai daɗe a wasan ba, ban ga dalilin kashe fiye da haka ba. Idan kuwa irin na kayan wasan yara ne, mai ƙafar roba ko ƙarfe mai gautsi da boris mai kuka tun yana sabo, a bar shi a inda yake. Araha ba ta ado, kuma karayar ƙafar allo a tsakiyar lanƙwasa ba ƙaramin faɗuwa take jawowa ba.

Odar allo dungurungum ita ce hanyar da ba ta da ciwon kai ta fuskar haɗi. Wanda ya san aikin ne ya zaɓi komai ya dace da juna, katakon sau da yawa na itacen mapul ne ko baac da aka lulluɓe da faiba ko kabon, mara nauyi, mai tauri. Matsalar ita ce da dala ko yuro za ka biya, kuma allon dogo ne, masu dakon kaya na lissafa girman kwali ba nauyi kaɗai ba, ga kuɗin kwastan a kai. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Allon tsere na gaske an ƙera shi ne don wanda ya riga ya san tsayuwarsa, ya san inda yatsun ƙafarsa ta gaba ke sauka da inda diddigen ta baya ke dannawa. Sabon shiga bai san wannan ba tukuna. Zai iya zuba kuɗi mai yawa a kan allo mai lanƙwasar da ba ta dace da tafin ƙafarsa ba, kuma allon kabon ba abin da za ka kai wa kafinta ya sake hudawa ba ne hankali kwance. Wanda ya riga ya iya, yana da niyyar fita gasa, kuma aljihunsa zai ɗauka, shi wannan hanya ta dace da shi.

Dalilin da ya sa na fi son hanya ta uku shi ne, a cikin sassan allon silalom, katakon ne ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma shi ne ya fi wahalar dako. Ƙafafu biyu da tayoyi huɗu da bushin, 'yan robobin cikin ƙafa, za su shige cikin jakar ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ba tare da ya yi ƙorafi ba. Katako kuwa ga shi nan a 'Yan Katako ta Na'ibawa da ta Rijiyar Lemo, kafintoci kuma ba ma neman aro.

Sai dai a nan ne ake buƙatar tsayawa a kan aiki, domin kafintan da ya saba da gado da durowa zai ba ka shawara bisa abin da ya sani. Kana nuna masa zanen zai ce, "Alhaji, ai MDF za mu sa, ya fi santsi, ya fi ɗaukar fenti." Ka ce masa, "A'a Malam, wannan hawa za a yi, ba jinginawa a bango ba." MDF da HDF garin katako ne da aka matse, ba su da jijiya, suna karyewa farat ɗaya kuma ruwa na kumbura su. Falankin katako guda, ko na maɗaci ne ko na loko, yana da ƙarfi amma yana da nauyi, kuma yakan tsage ta bin jijiyarsa daidai inda aka jera ramukan noti. Abin da ake so shi ne filawud mai kyau, wanda ake kira marin idan an samu na gaske. Ka duba gefen da aka yanka da idonka: idan ka ga ramuka tsakanin falle da falle, ko fallen tsakiya mai kauri mai laushi da farce ke shiga, ba shi ba ne. Mafi inganci shi ne a samo sirara masu milimita 3 ko 4, a haɗa uku ko huɗu da gam ɗin katako mai jure ruwa, a matse su kwana ɗaya zuwa biyu, jijiyar fallen sama da na ƙasa tana bin tsawon allon. Wanda ya san masu aikin faiba, irin masu gyaran bambar mota, zai iya sa su shimfiɗa masa falle ɗaya a ƙasan allon, taurin zai ƙaru sosai ba tare da nauyi ya ƙaru ba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce mai tauri ko mai lanƙwasa. A shekarun 1970 alluna masu lanƙwasa irin Fibreflex ne ke tashe, masu ɗan tudu a tsakiya, kana dannawa suna dawo maka da ƙarfin. Suna da daɗin hawa, kuma a kan kwalta mai kaushi suna shanye girgiza. Amma yawancin masu tsere a yau sun koma mai tauri, domin idan robobi sun matsu kana son abin da ƙafarka ta faɗa ya isa taya ba tare da katako ya tsaya shawara ba. Ga mai haɗawa a gida akwai ƙarin dalili: lanƙwasar da ta dace da nauyin mutum aiki ne na ƙwararru, filawud na kasuwa kuma idan yana lanƙwasa to hanyar karyewa ya kama. A yi shi mai tauri kawai.

Tsawon inci 32 zuwa 34 da faɗin inci 8 da rabi zuwa 9 a wurin ƙafar gaba zai wadatar da babban mutum. Tazarar ƙafafu, wadda ake aunawa daga ramukan ciki na gaba zuwa ramukan ciki na baya, ita ce ke raba matsattse da gauraye: wajen inci 19 zuwa 20 ga matsattse, 21 zuwa 22 ga gauraye. Ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Ka sa a huda jeri biyu ko uku a baya, tazarar inci ɗaya-ɗaya, allo ɗaya ya yi maka aikin biyu. Wurin hudar nan ne kawai nake cewa kada a yi gaggawa. A ja layin tsakiya da fensir tun kafin a yanka siffar allon, a ɗora gindin ƙafar kanta a kan layin a matsayin ma'auni, a huda rami ɗaya, a sa noti, sannan a huda na gaba. Ramukan zamani inci 2 da 1/8 ne a tsawo, inci 1 da 5/8 a faɗi, tsofaffin kuma inci 2 da rabi a tsawo, don haka kada a huda kafin ƙafafun su iso hannu. Kuskuren milimita 2 a nan zai sa allon ya riƙa janye wa gefe guda har ƙarshen rayuwarsa.

Lanƙwasar saman allo, wadda ke riƙe tafin ƙafa, ba sai an matse ta a cikin katakon ba. Masu tsere da yawa suna yanka soso mai tauri su manna a gefuna da wutsiya, su rufe da samfefa mai gam. Irin robar da masu takalma ke yin soli da ita a Ƙofar Wambai ta yi wannan aikin. A gaba kuma a ɗaura ɗan tokare, guntun roba ko katako a kan ɗaya daga notocin ƙafar gaba, don yatsu su samu abin dogara. Kyan wannan tsari shi ne, idan bayan wata ɗaya ka ga tsayuwarka ta sauya, sai ka ɓare ka sake. A ƙarshe a shafe katakon da banish ciki da waje har cikin ramuka, domin bushewar hunturu da laimar Agusta kowacce na jan katako nata ɓangaren. Kuma kada a bar shi a but ɗin mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gam na saki.

Yanzu ga inda ya kamata kuɗin ya tafi. Ƙafafun silalom ba tagwaye ba ne. Allon yana tafiya ne kamar adaidaita sahu, gaba ke juyawa, baya na biye yana riƙe da ƙasa. Ana son ƙafar gaba mai kaifin juyi, kusurwar juyinta wajen digiri 55 zuwa 60, ta baya kuma mai kasala, digiri 35 ko ƙasa da haka. Kuma sirara ake so, milimita 100 zuwa 130, don taya ta wuce roba ba ta taɓa ba, kuma allon ya riƙa sauya gefe da sauri.

Nan ma zaɓi biyu ne. Akwai na zubi, irin Tracker RT-X a gaba da RT-S a baya, masu zuwa a faɗin milimita 106 da 129, ko Bennett Vector a gaba, wadda aka san ta da zurfin juyi. Akwai kuma waɗanda injin kwamfuta ya sassaƙa daga dunƙulen alminiyom, irin su Radikal da GOG, waɗanda kuɗin guda biyu kan kai ɗaruruwan daloli. Bambancin gaskiya ne: na sassaƙa ba su da sako-sako ko kaɗan, aksil ɗinsu, sandar da taya ke juyawa a kai, miƙaƙƙe ne sak, bayan allo na kama ƙasa fiye da kima. Amma wannan bambanci a kan kwalta mai tsabta da gudu mai yawa yake bayyana. A filin da ƙurar hunturu ke sauka kowace safiya, ƙasa za ta kufce maka tun kafin ka kai iyakar ƙafar zubi. Kuma wasu na sassaƙan suna da ƙananan boris a gaɓoɓinsu, waɗanda idan ƙura ta cinye su ba za ka same su a Ƙofar Ruwa ba. Na zubi da weji, a ganina, shi ne daidai da Kano.

Wejin ɗan roba ne mai tudu a gefe guda da ake sakawa tsakanin katako da ƙafa, yawanci digiri 5 zuwa 10. Ka'idarsa mai sauƙi ce amma ana yawan juya ta: bakin nan siriri na wejin gaba da na wejin baya duka su kalli hancin allo. A gaba hakan na ƙara juyi, a baya yana rage shi. Kafinta zai iya fere maka shi daga katako mai tauri, sai dai a nemi notoci masu tsawo, kuma a tabbatar sun ɗauru tsaf.

Bushin, wato 'yan robobin da ke cikin ƙafa, su ne mafi arha a duk kayan kuma su suka fi sauya halin allo. Mai laushi a gaba, mai tauri a baya, gwargwadon nauyin mai hawa. Ka yi odar kala uku ko huɗu lokaci guda, domin ba za ka san naka ba sai ka gwada, kuma zafin bazara na ƙara musu laushi. Na ga masu yanka robar tayar mota ko ta silifas su cusa. Tana cike gurbi, amma ba ta dawowa da sauri, dawowar nan kuwa ita ce ke tura allon a fili miƙaƙƙe.

A tayoyi ba a yin rowa. Girman milimita 66 zuwa 72 ya dace da matsattse da gauraye a fili. Ƙarama tana saurin ɗaukar gudu, babba tana riƙe shi kuma tana haye tsakuwa. Tunda mu da ƙarfinmu muke tada allo, kuma filayenmu ba su rasa 'yan tsakuwa, wajen 70 shi ne tsaka-tsaki. Al'adar masu tsere ita ce gaba ta ɗan fi baya tauri, misali 83a a gaba da 80a a baya, don gaba ta yi gudu baya ta kama. A kan kankare mai santsi da ƙura, ka sauko da duka biyun mataki ɗaya, 80a da 77a ko 78a. A kan kwalta mai tsabta da rana ta gasa, masu taurin sun fi, domin mai laushi a zafi tana yin nauyi kamar ana riƙe ta. Seismic da Abec 11 suna cikin sunayen da aka sani a wannan fanni. Ka nemi masu kaifin baki, kuma kada ka riƙa tsayar da allo ta hanyar zamewa, bakin ne ke kama ƙasa, idan ya cinye an gama. Intalok kuwa, duk kyansa a ido, tsagoginsa na cinye gudu kuma suna sa taya tsalle a tsakiyar lanƙwasa. Ba wata taya da ke gyara wannan.

Boris shi ne kaɗai abin da ba sai an jira jirgi ba. Lambarsa 608, ramin ciki milimita 8, faɗin waje 22, kauri 7, guda biyu a kowace taya, takwas ke nan. Masu sayar da kayan injina da na lantarki a Sabon Gari sun san lambar. Tsakanin mai murfin ƙarfe, 608ZZ, da mai murfin roba, 608-2RS, ɗauki na roba. Yana ɗan rage gudu yana sabo, amma yana hana ƙura shiga, kuma a garin nan ƙura ce ke kashe boris ba gudu ba. Lambar ABEC da ake bugawa a kwali ma'aunin daidaiton ƙira ne, kada ta sa ka ninka kuɗi. Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne ɗan bututun ƙarfe mai milimita 10 da ke zama tsakanin boris biyu a cikin taya. In babu shi, ko dai ka ɗaure noti taya ta ƙi juyawa, ko ka sassauta ta riƙa karkarwa a lanƙwasa.

Robobin jerawa na gasa tsayinsu wajen inci 9 ne. Kafin a same su, kofunan roba marasa nauyi sun wadatar. Kada a cika su da dutse ko yashi don gudun iska, gara iska ta ture su da taya ta ci karo da abu mai nauyi. A zagaye gindin kowanne da alli don a san wurin mayar da shi. Robobi 20 a tazarar mita 1.8 suna cin wajen mita 34, ka ƙara wurin ɗaukar gudu da wurin tsayawa, kana neman fili mai mita 60 ko fiye. Ka tafi da tsintsiya. Bayan shara ka shafa tafin hannunka a ƙasa, idan ya taso fari fat, sake sharewa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Hular kwano da safar gwiwa da ta hannu kuma suna cikin kuɗin allon tun farko, ko da a kan wace hanya ka tsaya daga cikin ukun.

Kafin hawan farko, ka tsaya a kan allon a kan tabarma ka danna gefe guda iya ƙarfinka, wani ya duba ko taya na taɓa katako. Idan tana taɓawa, a ƙara tsayin abin da ke tsakanin katako da ƙafar allon ko a fere katakon daidai wurin, domin taya ta ciji allo ana cikin gudu tsayawa ce nan take, kai kuma ka wuce gaba. Daga nan sai gyara da sifana mai lamba 13 da 14 a aljihu, abu ɗaya a lokaci guda. Idan allon ya ƙi shiga tsakanin robobi, sassauta gaba ko ƙara mata weji. Idan baya na kufcewa, ƙara wejin baya, ko sa taya mai laushi, ko matsar da ƙafarka ta baya daidai kan notocin. Idan kana ture robobi da tayar baya kullum, tazarar ƙafafun ta yi tsawo, koma jerin ramukan da ke ciki.